Rundunar Sojin Daular Abbasiyya

Rundunar sojin Abbasiyawa ita ce ta riƙe halifancin da ya hau mulki a shekarar 750, ya mai da Bagadaza cibiyarsa. Ba rundunar ƙabila ɗaya ba ce. A cikinta akwai Larabawa, Farisawa, Turkawa, mutanen Fargana, Dailamawa (mutanen Dailam a arewacin Iran) da baƙaƙen fata 'yan Afirka. Abin da ya ɗaure su wuri guda shi ne mubaya'a ga halifa da kuma albashi, kuma tarihin rundunar ya nuna cewa albashin ya fi mubaya'ar ƙarfi.

Asali

Tushen rundunar shi ne mayaƙan Kurasan da Abu Muslim ya tara a 747 ƙarƙashin baƙaƙen tutoci. Su ne suka karya Marwan na Biyu, halifan Umayyawa na ƙarshe, a bakin kogin Zab a 750. Larabawan da suka daɗe a Kurasan da Farisawan da suka musulunta sun yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa, an kuma rubuta sunayensu da garuruwansu maimakon ƙabilunsu, abin da ya saɓa wa al'adar Umayyawa. Da Halifa Mansur ya gina Bagadaza a 762, ya yanka musu unguwanni, mafi shahara ita ce Harbiyya. Jikokinsu aka sani da Abna'ud Daula, wato 'ya'yan daula.

Diwani da albashi

Diwanul Jund shi ne ofishin da ke riƙe da kundin sunayen sojoji, tsarin da aka gada tun zamanin Sayyidina Umar. Duk wanda sunansa ke ciki yana da haƙƙin albashi daga baitulmali, kuma harajin gonakin Iraƙi ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Akwai jami'in da ake kira arid, mai duba soja da dokinsa da makamansa kafin a biya shi. Halifa Mu'utadid, wanda ya yi mulki daga 892 zuwa 902, da kansa yake jarraba mahaya a harbi, a raba su gida uku: ƙwararru, matsakaita da na baya. Ban da masu albashi akwai 'yan sa kai da ke zuwa kan iyakar Rumawa, musamman Tarsus, don shiga hare-haren bazara da ake kira sa'ifa.

A fagen fama akan jera runduna kashi biyar: 'yan gaba, tsakiya, dama, hagu da 'yan baya. Akwai masu manjaniƙi na rusa ganuwa, da masu jefa wutar nafta.

Zuwan Turkawa

Yaƙin basasa tsakanin Amin da Ma'amun, 'ya'yan Haruna Rashid, ya ci Abna'u. Sun goyi bayan Amin, shi kuwa Ɗahiru ɗan Husaini, kwamandan Ma'amun, ya kewaye Bagadaza har ta faɗi a 813. Daga nan halifofi suka daina sakin jiki da sojan da ke da dangi da unguwa a cikin birni.

Mu'utasim, wanda ya hau a 833, ya nemi mafita ta wata hanya. Tun kafin ya hau yake sayen samarin Turkawa, wasu daga Samarƙand ta hannun Samaniyawa masu mulkin yankin, wasu a Bagadaza. Gwanaye ne wajen harbin kibiya a kan doki yana sukuwa, kuma ba su da uwa ba su da uba a Iraƙi sai shi. Daga cikinsu Ashinas da Wasif da Itak suka zama manyan kwamandoji. Shi Itak Bakazare ne, wato ɗan ƙabilar Kazar, mai dafa abinci a da. Kuskure ne a ɗauka rundunar duk bayi ce. Afshin, wanda ya murƙushe tawayen Babak a 837, ɗan sarautar Ushrusana ne, wani yanki a Asiya ta Tsakiya, da ya zo da mutanensa. Akwai kuma Faragina, wato mutanen Fargana, da Magariba da aka kwaso daga Masar. A daidai lokacin aka soke sunayen Larabawan Masar daga diwani.

Mutanen Bagadaza ba su jure wa mahayan da ke banke su a tituna ba, don haka a 836 halifa ya koma sabon birninsa, Samarra, inda kowane rukuni ya sami unguwarsa, aka hana su cuɗanya da jama'a. Wannan runduna ce ta ci birnin Amuriyya na Rumawa a 838.

Rauni

Keɓewar da ta sa sojan dogara ga halifa ita ce ta bar halifa a hannunsu. Wanda ba shi da gona ko sana'a, in albashi ya makara, takobi kaɗai ya rage masa. A 861 Turkawa suka kashe Halifa Mutawakkil, aka yi shekara tara ana naɗa halifofi ana tuɓewa. Muwaffaƙ, ɗan'uwan Halifa Mu'utamid, ya sake haɗa kan rundunar, ya kawo ƙarshen tawayen Zanj, wato bayi baƙar fata na kudancin Iraƙi, a 883, ya kuma ɗauki da yawa daga waɗanda suka miƙa wuya aikin soja.

Amma kuɗin shiga ya ci gaba da raguwa, larduna suna ɓallewa, aka soma ba kwamandoji iƙɗa'i, wato harajin wani yanki, a madadin albashi. A 936 Halifa Radi ya miƙa wa Ibn Ra'iƙ ragamar soja da baitulmali da laƙabin amirul umara. A 945 Buwaihawa, wani gidan sarauta daga Iran, suka shiga Bagadaza da dakarunsu na Dailam.