Da ƙafa biyu muke tafiya, ƙugu ke ɗaukar nauyin

Ranar wata kasuwa wani ɗan dako ya shigo mana asibiti a karkace, hannu ɗaya dafe da kwankwaso. Na ce, "Baba, me ya faru?" Ya ce buhun masara ya sunkuya zai cicciɓo, sai ya ji ƙugunsa ya ce ƙas, ciwo ya bi ta bayan cinya har diddige kamar an zuba masa garwashi. A aljihunsa akwai kati biyu na maganin kashe zafi da ya saya a kemis, ya kusa shanye su cikin kwana uku. Da wuya mako ya wuce ban ga irinsa ba.

Ƙashin bayan mutum ba miƙaƙƙe ba ne kamar sanda. Yana lanƙwasa ciki a wuya, ya fito waje a saitin ƙirji, ya sake shiga ciki a ƙugu, kuma wannan lanƙwasar ce ke ɗora kai da ƙirji daidai saman ƙafafu. Ƙasusuwan ƙugu biyar ne, tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi mai aikin gammo. Faifai biyu na can ƙasa su ne jakunan gidan, su ke shan mafi yawan nauyi, kuma su suka fi ɓullowa su danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Abin da ya sami Baba ke nan.

Dubi birin cimfanzi. Yana raba nauyinsa a kan ƙafafu da hannuwa, in ya miƙe tsaye sai ka ga gwiwa a tanƙware yana rangaji hagu da dama, ba ya nisa ya gaji. Mu kuwa ƙashin cinyarmu ya karkato ciki daga kwatangwalo zuwa gwiwa, shi ya sa sawunmu ke sauka ƙarƙashin tsakiyar jiki. Akwai kuma tsoka a gefen ɗuwawu da ke riƙe ƙugu kada ya zube gefe duk lokacin da ƙafa ɗaya ta bar ƙasa.

Masu binciken tsofaffin ƙasusuwa sun ce wannan tafiya ta daɗe ƙwarai. A 1978 an gano sawun ƙafafu a Laetoli ta Tanzaniya, cikin tokar dutse mai aman wuta da ta daskare kimanin shekara miliyan 3.6 da suka wuce: ga gurbin diddige, ga babban yatsa a jere da 'yan uwansa, ba a ware kamar na biri ba. Ƙasusuwan da ake kira Lucy, da aka tono a Hadar ta ƙasar Habasha a 1974, sun kai shekara miliyan 3.2, ƙwaƙwalwarta ƙarama, amma ƙugunta na mai tafiya a tsaye ne. Nan maƙwabta, a hamadar Jurab ta Chadi, a 2001 aka samu ƙoƙon kan da aka raɗa wa suna Tumai, mai kusan shekara miliyan 7, har yau masana na jayayya kan ko a tsaye yake tafiya. Wannan muhawarar tasu ce. Abin da ya dame ni shi ne ƙugun da ke zuwa gabana kullum.

In ka sunkuya gwiwa a miƙe, kaya nesa da jikinka, ƙugu ne ke yin aikin da ya kamata cinyoyi su yi. Ka tsuguna, ka jawo buhun ya manne da kai, ka tashi da ƙarfin cinya, kuma kada ka murɗa jiki da kaya a hannu, juya da ƙafafunka. In ya fi ƙarfinka, nemi a kama maka, ba abin kunya ba ne. Ɗaukar kaya a ka da gammo dabara ce mai kyau in an yi daidai wa daida, domin nauyin na bin tsayin jiki ne kai tsaye. Wani bincike a Kenya ya nuna matan ƙabilar Luo kan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsu a ka ba tare da ƙarin wahala ba. Amma jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce cif, a ɗora wa yarinya 'yar shekara goma zalunci ne. Iyaye mata kuma, a sa wa tsintsiya dogon mariƙi, a ɗora bahon wanki bisa benci, musamman mai juna biyu da cikin ya riga ya ƙara mata lanƙwasar ƙugu.

Yawancin ciwon ƙugu kan lafa cikin 'yan makonni. Kwanciya kwana da kwanaki ƙara sandarar da shi take yi, gara tafiya sannu a hankali. Magungunan kashe zafi irin su diclofenac da ibuprofen in aka maishe su abinci suna jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda, tramadol kuwa kama mutum yake.

Amma in ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ko bayan gida ya ƙwace, ko tsakanin cinyoyi ya dena jin taɓi, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya wajen mai ɗori. Haka ma ciwon baya mai haɗe da zazzaɓi, rama da gumin dare, domin tarin fuka kan ci ƙashin baya, kuma yana da magani in an zo da wuri.