Abin da Faransawa ke nufi idan sun ce cakulan

Cakulan abinci ne da ake samu daga 'ya'yan itacen koko, bayan an bar su sun yi tsami, an shanya, an soya, sannan an niƙa su har mansu ya fito. Asalinsa abin sha ne mai ɗaci da al'ummomin Maya da Aztek na yankin Meziko suke haɗawa da barkono, kuma 'ya'yan kokon suna da daraja a wurinsu har ana ciniki da su a matsayin kuɗi. Sifaniyawa ne suka kai shi Turai a ƙarni na 16, suka zuba masa sukari.

Shigarsa Faransa ta fada ce. Ana danganta ta da auren Sarki Louis na 13 da gimbiyar Sifaniya a 1615, kodayake Yahudawan da aka kora daga Sifaniya da Fotugal, waɗanda suka zauna a garin Bayonne da ke kudu maso yammacin Faransa, su ma sun kawo sana'ar sarrafa shi. A 1659 Sarki Louis na 14 ya bai wa David Chaillou izinin sayar da shi shi kaɗai. Talaka bai ɗanɗana shi sosai ba sai a ƙarni na 19, lokacin da masana'antar Menier ta fara fitar da shi da yawa a daskare, har ya zama abin da yara ke ci da burodi da la'asar idan sun taso daga makaranta.

Wannan tarihi ne ya sa Faransawa ba sa ɗaukar kowace alewa mai launin ƙasa a matsayin cakulan. A shekarar 2000 Tarayyar Turai ta amince a sa wani man tsirrai har kashi 5 cikin 100 a madadin man koko, ciki har da man kaɗanya da matan Afirka ta Yamma ke sarrafawa. Masu sana'ar a Faransa sun yi adawa da hakan, shi ya sa har yau da yawansu suke rubuta a jikin kwali cewa nasu da zallar man koko aka yi shi. Adawar ba ta rasa hujja ba, domin man koko yana narkewa ne daidai ɗumin bakin mutum, sai dai kokon da ake wannan alfahari da shi, fiye da rabinsa a duniya daga Kwaddibuwa da Ghana yake fitowa, inda manomi ke samun ɗan ƙaramin kaso na kuɗin.