Kayan tare zafi a mangaza: abin da dokar ƙwadago ta ɗora wa mai kaya

Zafin bazara a Maraɗi ya sa masu gini da masu ɗakunan sanyi suna neman kayan tare zafi: audugar gilas da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kwano, da farin soson nan mara nauyi da ake kira polistiren. Ana loda su a kamyo, ana jibge su a mangaza kamar buhunan gero, alhali kowanne da irin haɗarinsa.

Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ba ta ambaci waɗannan kaya da suna ba, amma ta shafe su kai tsaye. Kudurinta na 136 ya wajabta wa mai ba da aiki ya tsara wurin aiki yadda zai kare rai da lafiyar ma'aikatansa. Idan tsarin wurin bai kawar da haɗari ba, shi zai ba da kayan kariya, shi kuma zai kula da su. Ke nan safar hannu, tabarau da takunkumin hanci daga aljihun mai mangaza za su fito. Yaron da ke sauke kaya bai kamata a ce ya saya da kuɗin dakonsa ba.

Audugar gilas ba ta kamawa da wuta, amma in ledarta ta yage, ƙananan zaruruwa ke tashi. Wanda ya ɗauke ta a kafaɗa ba riga zai kwana yana susa, ido ja, maƙogwaro na ƙaiƙayi. A bar ta cikin ledarta, bisa katako, don in ruwan damina ya jiƙa ta amfaninta ya ragu.

Soson ne ya fi damuna. Yana ci da wuta da sauri, yana narkewa yana ɗiga, ga baƙin hayaƙi mai shaƙe mutum. Fetur ma narkar da shi yake. To ku dubi mangazunmu: janareto a ƙofa, jarkar fetur a kwana, mai walda a maƙwabta. Ajiye soso a irin wannan wuri saɓa wa manufar dokar ne. Yana buƙatar inuwa da iska, da hanyar fita da ba a toshe da kaya ba, da tukunyar kashe wuta kusa. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, a rubuta ta a bango.

A hanya kuwa, ko daga Ɗan Isa kayan suka shigo ko daga Yamai, a ɗaure su da kyau a rufe da tamfol, kada a haɗa su mota ɗaya da man fetur. Ƙwayoyin polistiren da ba a riga an kumbura su sun zama soso ba sai an ƙara kula da su: suna fitar da iskar pentan mai kama wuta, shi ya sa dokokin sufuri na Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa su cikin kaya masu haɗari, da lamba 2211.

Ma'aikacin da aka hana kayan kariya yana da damar kai kuka ofishin sufeton ƙwadago na Maraɗi.