Nakasa ba ta hana mutum jefa ƙuri'a

An daɗe ana cewa makaho ko gurgu ba ya zaɓe, wai idan wani ya taimaka masa ƙuri'arsa ta lalace. Masu faɗin haka galibi sun ga rumfunan zaɓe masu matakala da dogon layi ne, sai suka ɗauka doka ce ta hana.

Yarjejeniyar duniya ta 2006 kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, a sashe na 29, ta tabbatar musu da 'yancin zaɓe a asirce, da tsayawa takara ma. Ta kuma ce idan mai zaɓe ya nemi taimako, shi zai zaɓi wanda zai raka shi. Wannan yana da muhimmanci, domin makaho ya san wanda ya amince ya dangwala masa inda ya ce. A wasu ƙasashe ana ɗora wani kwali mai rubutun makafi a kan takardar ƙuri'a, ya laluba da yatsa ya zaɓa da kansa.

Tsari ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka a duba dokar zaɓe, ko a tambayi ofishin zaɓe tun lokacin rajista. Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani, a karanta wa wanda ba ya gani.