Waiwaye: Wa ke surfe, wa ke haɗa miya a Kaduna?

A gidan Bahaushe girki kashi biyu ne tun fil azal. Akwai wanda ake yabo a kansa, wato haɗa miya da tuƙin tuwo. Akwai kuma mai cin ƙarfi: surfe, daka, ɗiban ruwa da wankin tukunya. Na farko haƙƙin matar gida ne, shi ya sa a gidan kishiyoyi ba a wasa da ranar girki. Na biyun, a gidajen sarauta da na attajirai, kuyangi ake bar wa. Sai a 1936 aka haramta bauta baki ɗaya a Arewa, amma rainin da ke biye da wannan aiki bai tafi ba.

Da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, sai suka keɓe wa kansu unguwa, nesa da baƙar fata. Wanda ke shiga kullum shi ne kuku da boyi, kuma maza ne, suna kwana a 'yan ɗakunan da ke can ƙarshen fili. Kuku ya iya gasa burodi da dankalin Turawa, ana biyansa albashi, alhali matarsa mai tuƙa masa tuwo ba a ce tana aiki. Bayan 1960 manyan ma'aikata suka gaji gidajen, suka gaji ɗabi'ar. Akwai ma masu yi wa tuwo da miyar kuka kallon abincin talaka.

Wannan kallo zalunci ne, domin tuwon masara ya fi soya ƙwai neman gwaninta. Sai an surfa masarar, a bushe dusa, a wanke, a jiƙa ta kwana, a shanya, a kai inji, a tankaɗe. Ruwa ya tafasa kafin a yi talge. In aka yi gaggawar zuba gari talgen bai nuna ba, tuwo zai yi ɗanye, washegari ya saki ruwa. In aka juye garin gaba ɗaya ba a juya muciya ba, gudaji ne.

Yau a Malali ko Unguwar Rimi akwai gas da na'urar markaɗe, duk da haka rabon nan na nan. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye ita ke gyaran kayan miya, ta hura gawayi ranar da gas ya ƙare, ta kankare ƙanzo. Hajiya ta shigo ta sa gishiri da daddawa. Maigida ya ci ya ce, "Sannu da aiki, uwargida." Yarinyar kuwa tana kicin tana jiran a gama a ba ta ragowa.