Waiwaye: Wasiƙar koci da ta je Kotun Ƙolin Amurka har sau biyu

A watan Afrilun 1997, Carlton Flatt, kocin ƙwallon ƙafa irin ta Amurka a makarantar kuɗi ta Brentwood Academy da ke jihar Tenesi, ya aika wa wasu yara 'yan aji na takwas wasiƙa yana gayyatarsu atisaye. Yaran sun riga sun sa hannu cewa can za su yi karatu, amma ba su fara shiga aji ba. Wannan ɗan giɓin shi ne ya haifar da shari'ar shekara goma.

Hukumar wasannin sakandaren jihar, TSSAA, wadda aka kafa a 1925, tana da doka mai hana zawarcin ɗalibai don wasa. Wanda ya taɓa ganin an sauke sojan haya mai gemu a gasar makarantu ya san abin da ake gudu. Hukumar ta ce wasiƙar zawarci ce. Ta ci makarantar tarar dala 3,000, ta hana ƙungiyoyinta na ƙwallon ƙafa da na ƙwallon kwandon maza wasannin neman kofi shekara biyu, ta kuma sa ta ƙarƙashin sa ido shekara huɗu.

Makarantar ba ta fara da kotu ba. Ta bi matakan ɗaukaka ƙara na cikin gida: shugaban hukumar ya saurare ta tare da 'yan kwamitin shawara, sannan majalisar gudanarwa ta sake duba maganar tun daga tushe. Da abin ya ci tura ne ta garzaya kotun tarayya, tana cewa an tauye mata 'yancin faɗin albarkacin baki da kundin tsarin mulki ya ba ta.

Tambayar farko ma ba kan wasiƙar ba ce. Shin hukumar nan ƙungiya ce mai zaman kanta, ko kuwa hannun gwamnati ce? Idan mai zaman kanta ce, kundin tsarin mulki bai ɗaure ta ba. Haka Kotun Ƙoli ta yanke a 1988 game da hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, a shari'ar koci Jerry Tarkanian. Amma a 2001 alƙalai biyar cikin tara suka ce ta Tenesi daban ce: kashi 84 cikin ɗari na mambobinta makarantun gwamnati ne, shugabannin makarantun ne ke jan ragamarta, har ma'aikatanta na iya shiga tsarin fanshon jiha. Saboda haka dole ta yi wa wanda take tuhuma adalcin da ake nema daga gwamnati.

Brentwood ta ci wannan zagayen, sai dai murna ta koma ciki. A 2007 kotun ta dawo kan ainihin maganar, kuma ba alƙali ko ɗaya da ya goyi bayan makarantar. Hujjar mai sauƙi ce: babu wanda ya tilasta mata shiga hukumar, kuma yaron aji na takwas ba zai iya ce wa kocin da ke kiransa a'a ba. Ƙorafin da ta yi cewa an saurari wasu bayanai a bayan idonta shi ma bai yi tasiri ba, domin kotun ta ga bai sauya komai ba. A ganina nan ne kaɗai hukuncin ya ɗan yi sako-sako.

Yaran da aka rubuta wa wasiƙar kuwa, lokacin da aka rufe shari'ar sun haura shekara ashirin, sun daɗe da barin sakandare.