Rijiyoyin haƙar ma'adinai da injinan da ke aiki a cikinsu

Rijiyar ma'adinai iri nawa ce?

Ta fuskar tsari akwai miƙaƙƙiya, wadda ke sauka tsaye, da karkatacciya, wadda ke bin gangare. Miƙaƙƙiya ita ake yi idan ma'adinin ya yi nisa a ƙasa. Galibi zagayayya ce, faɗinta mita 5 zuwa 10, an lulluɓe bangonta da kankare, domin zagayayyen bango ya fi jure matsin dutse. Karkatacciya ta fi araha idan ma'adinin yana kusa. In manyan motoci za su bi ta, gangaren yakan zama saukar mita 1 a kowace tafiyar mita 7. In ya fi haka tsayuwa, birki da inji ne ke shan wahala.

Ta fuskar aiki kuwa, akwai ta fitar da dutse, akwai ta mutane da kaya, akwai ta iska.

Me ke ɗauko kaya daga ƙasa?

Injin ja ne, da igiyar ƙarfe da ke ratsa hasumiyar bakin rijiya. Dutse yana hawa a cikin babbar gugar ƙarfe, mutane kuma a keji. Wani injin naɗe igiyar yake yi a jikin ganga. Wani kuma, wanda Friedrich Koepe ya ƙirƙira a Jamus a 1877, ba ya naɗewa: igiyar tana ɗare kan ƙafa mai juyawa, guga a ɓangare ɗaya, nauyin daidaito a ɗayan. Matsalarsa santsi. In nauyin ɓangarorin ya bambanta da yawa, ko maiko ya yi yawa a igiyar, sai ta zame.

Me ya sa ba a haƙa rijiya ɗaya har ƙarshe?

Igiya tana ɗauke da nauyin kanta, kuma iya tsawonta iya nauyinta. Shi ya sa a mahaƙar zinariya ta Mponeng a Afirka ta Kudu, mai zurfin kusan kilomita 4, ma'aikata kan sauka a tsakiya su shiga kejin wata rijiyar da aka haƙa daga can ƙasa.

Dole ne a yi rijiya biyu?

Dole ne, kuma wannan ba abin ciniki ba ne. A 1862 a mahaƙar kwal ta Hartley a Ingila, ƙarfen injin famfo ya karye ya faɗa cikin rijiya ɗaya tilo da ake da ita, ya toshe ta, mutum 204 suka rasu. Daga nan doka ta wajabta mafita biyu. Rijiya ta biyu kuma ita ke sa iska ta zagaya: sabuwa ta shiga ta nan, babbar fanka ta zuƙo gurɓatacciya ta can.

Masu haƙar zinariya da hannu a Zamfara su kula da wannan sosai. Kada a taɓa sauke janareta ko famfon fetur cikin rami. Iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, kuma tana sumar da mutum kafin ya kai ga igiya.